Wa Ke da Tsohon Icce?

Ya ku jama'a masu saurarenmu a birnin Tawa da kewayensa, daga Bilbis da Fakuwa har Kalfu da Barmu da Afala, da waɗanda muryarmu ke riska a Tabalak da Abalak da zangunan arewa. Sharhinmu na yau a kan icce ne, da tambayar da ta fi kowace tayar da husuma a kansa, watau wane ne mai shi. Amma da yake abin da mutum ya saba gani kullum yakan ɓoyu gare shi saboda tsananin kusanci, za mu ɗauko zancen daga wata ƙasa mai nisa, sa'an nan mu gangaro da shi zuwa fadamun Adar da duwatsunta.

A ƙasar Japan akwai wata sana'a, ko kuwa mu ce wani fanni na ilmi, da ake kira bonsai, wanda asalinsa daga Sin ya zo musu, domin an sami zanen barori ɗauke da irin waɗannan tsirrai a bangon kabarin wani ɗan sarkin Sin wanda aka yi a shekarar 706 Miladiyya. Yadda ake yinsa kuwa shi ne, a ɗauki icce wanda da an bar shi a daji da ya kai tsawon gawo ko tsamiya, a dasa shi cikin kasko marar zurfi, a riƙa datse rassansa ana tsinke tohonsa, a naɗa masa wayar tagulla don a karkata kowane reshe inda ake so tun yana ɗanye, kamar dai yadda karin maganarmu ta yi umurni. Bayan ƴan shekaru kuma a fitar da shi daga kaskon, a rage masa saiwa, a sake masa ƙasa, a mayar da shi. Kada mai saurare ya zaci wani iri ne na wadannin itatuwa, domin ƙwayarsa in aka shuka ta a fili, icce cikakke take zama. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, ƙasar da ke cikin kaskon ba ta wuce ƴan mudu ba, saboda haka ƙishirwar kwana kaɗan a lokacin zafi ta isa ta kashe shi. Ke nan in aka ce wani daga cikinsu ya shekara ɗari, ma'anar maganar ita ce, cikin shekaru ɗarin nan ba a taɓa samun wata guda da ya rasa mai duba shi ba.

Mafi shahara daga cikinsu a wajen Japan shi ne wanda ake kira da sunan gidan Yamaki, icce mai ganye kamar allura daga dangin da ke fitowa a ƙasashen sanyi, wanda aka fara renonsa cikin kasko a shekarar 1625. Don a auna nisan wannan zamani, sai a tuna cewa a lokacin Agabba bai riga ya fito daga Agadas ya ci ƙasar Adar ba sai bayan kimanin shekara 50, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, almajirin Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ƙasar nan ta san shi, ba a haife shi ba sai 1754. Iccen yana cikin lambun gidan Yamaki a birnin Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, safiyar da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a birnin, tazarar gidan da inda bam ɗin ya fashe kuwa kimanin kilomita 3 ce kawai. Tagogi suka tarwatse, gilashi ya yanki mutanen gidan, amma Allah ya yi da sauran kwanansu, wata katanga kuma ta tare wa itatuwan lambun ƙarfin bugun. Bayan shekara 31, a 1976, lokacin da Amurka ke bikin cika shekara 200 da samun mulkin kai, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Japan ta ba ta kyautar itatuwa 53, maigidan, Masaru Yamaki, ya sa nasa a ciki, bai kuwa ce uffan ba a kan abin da iccen ya gani. Masu kula da shi a birnin Washington suka yi shekara 25 suna ba shi ruwa ba su san labarin ba, sai a 2001, da jikokinsa biyu suka zo ziyara suna tambayar inda iccen kakansu yake. A 2025 ya cika shekara 400.

Wanda ya zauna gaban malamai a zaure ya san darajar isnadi, ya san cewa ijazar da aka yanke silsilarta a wuri ɗaya ta faɗi, kome girman sunayen da ke sama da wurin da ta yanke. Tarihin irin wannan icce isnadi ne na hannuwa, kowane hannu ya karɓa daga na gabansa ya miƙa wa na bayansa, ta hanyar gado ko ciniki ko kyauta, kuma a kowane zamani an san mutum ɗaya wanda in iccen ya bushe shi za a tambaya, in kuwa ya yi kyau shi zai ci ribarsa. Har ma a farkon 2019, da ɓarayi suka sace wani mai kimanin shekara 400 daga wani lambu kusa da Tokyo, roƙon da masu shi suka aika wa ɓarayin ta kafofin labarai shi ne, don Allah su riƙa ba shi ruwa.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Kaita, ko ya hau tudun dutse tsakanin Tamaske da Buza, ya ga aduwa ko jiga ko anza wadda tsawonta bai kai ƙugun mutum ba, alhali gindinta ya yi kauri ya murɗe, ɓawonta ya tsattsage irin na tsufa. Haƙoran awaki da raƙuma, da ƙarancin ƙasa a kan dutse, su suka yi mata abin da Bajapane ke yi da almakashi. A cikin gonaki kuma akwai wani iri wanda ya fi wannan yawa, shi ne kututturen kalgo da sabara da geza da gawo, wanda kowace shekara yake fitar da toho, kowace bazara kuma mai gona yake sare tohon ya tara ya cinna masa wuta lokacin sassabe. Wannan kututture sau da yawa ya girmi mai saransa, wataƙila ya girmi mahaifinsa, domin saura ne na dajin da kakanni suka sare ran da suka buɗe gonar. Saiwarsa tana can ƙasa da tsawon gaba da yawa, ta riga ta san inda laima take, abin da dashen da aka reno cikin leda ba zai kai gare shi ba sai bayan shekaru, in ma ya tsira daga ranin farko. Tambayar da ta cancanci a yi ita ce, me ya sa manomi mai hankali, wanda ya san hatsi ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, ya san ƴaƴan gawo na ƙosar da tumaki a lokacin da babu ciyawa, ya yi shekaru yana hana wannan icce tashi?

Wani ɓangare na amsar yana cikin al'adarmu, bai kamata mu ɓoye shi ba. A ƙasar Hausa gatari shi ne hujjar mallaka, wanda ya fara sare daji shi ke da gona, gona mai tsabta fes kuma ita ce shaidar cewa mai ita ba rago ba ne. Fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya ma, a babin raya mataccen fili, sun lissafa sare itatuwa cikin abubuwan da ke tabbatar da mallaka, kamar yadda Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar. Sai dai a jeri guda suka lissafa shi da dasa icce da haƙa ruwa da fasa duwatsu da daidaita ƙasa, mu kuwa muka riƙe ɗaya muka sassauta wa sauran. Shari'a ba ta bar mas'alar icce a duhu ba. Ta bambanta mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Ta ba icce hurumi kamar yadda ta ba rijiya. Ta halatta musaƙa, watau mai itatuwa ya ba wani ya shayar ya kula a kan wani sananne rabo daga ƴaƴan, bisa asalin yarjejeniyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da mutanen Haibara. Malamanmu kuma suka halatta mugarasa, inda mai fili zai ba wani ya dasa, in itatuwan suka kai girman da aka ambata su raba filin da itatuwan tsakaninsu. Urfin ƙasa shi ma yana da nasa tsari, domin an san gidan da ke da tsamiya ko kuka a cikin gonar da ta riga ta koma hannun wasu, an kuma san cewa mai aro ko mai riƙon jingina ba ya dasa icce, don dashe da'awar mallaka ce. A Damagaram ana ruwaito cewa Sarki Tanimu ya tsananta hukunci ƙwarai a kan mai sare gawo.

Ɓangaren da ya fi nauyi kuwa daga takarda ya zo. Ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta kafa dokar dazuzzuka a ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma, ta mai da daji dukiyar hukuma, ta jera wasu itatuwa da aka hana taɓawa sai da izini. Bayan mulkin kai, dokar dazuzzuka ta Nijar ta watan Maris 1974 ta bi sawunta, gawo kuwa yana cikin jerin waɗanda aka kare. Ba na shakkar cewa masu rubuta waɗannan dokoki maslaha suka nufa. Amma a duba yadda abin ya kasance a gonar talaka: gawo yana tsaye a tsakiyar gadon ubansa, inuwarsa a kansa take, tsuntsun da ke sauka bisansa hatsinsa yake ci, amma in ya bukaci dirka ko gwafa sai ya yi tattaki zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji ya biya kuɗin takarda; in kuwa wani baƙo ya bi dare ya sassare rassan, mai gona ne za a fara kamawa a ci shi tara, tun da shi aka iske. An raba hidima da amfani, an bar masa lamuni an ɗauke masa tasarrufi. Mutumin da aka sa a wannan hali ba ya bukatar wanda zai koya masa lissafi: toho bai shiga idon ma'aikaci ba, sai ya girma yake zama iccen gwamnati, saboda haka hanyar kauce wa tara ita ce kada a bari ya girma. Ga kuma wani ƙarin dalili, a shekarar nan ta 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce, masu ba da aro suka ƙara tsorata da duk wani abu da zai kafe a filinsu ya zama hujja ga mai aro. Malaman gona na lokacin su ma sharar fili suke koyarwa, don garmar shanu ta sami hanya. Da fari ya zo a 1973, ya kuma dawo a 1984 da yunwar da ake kira El-Buhari, sai ya iske gonaki tsirara.

Jahar Tawa ta ga manyan ayyuka biyu na mayar da itatuwa, kowane kuma ya ci karo da wannan tambaya tamu. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji, layi bibbiyu, tsakanin kowane biyu da na gaba mita 100, don a karya iskar da ke binne hatsi yana ƙarami. Aikin ya yi kyau, amfanin gona ya ƙaru a tsakanin layukan. Amma da itatuwan suka isa sara, sai aka ga ba a riga an yanke wa zai ɗauki iccen ba: mai gonar da layin ya ci wa fili ya kuma yi wa inuwa, ko jama'ar gari da suka haƙa ramukan, ko hukumar da ta reno dashen ta biya masu gadi? Sai da aka zauna aka kafa ƙungiyoyin gari da ƙa'idar rabo, abin da da an yi shi ranar dashe da ya fi sauƙi. A Kaita kuwa, furojen da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da FAO daga 1984 ya dasa itatuwa kimanin miliyan 18 cikin shekara ashirin ɗin farko, ya jera duwatsu, ya haƙa ramuka a gangaren tuddai, ya tare ƙoramu; mafi yawan hannuwan da suka ɗauki duwatsun nan kuwa na mata ne, ana biyansu da abinci, domin mazan suna cin rani a Abijan ko Najeriya. Fako ya koma gona, wanda da babu mai kallonsa ya sami magada. Ina ganin wannan ita ce mas'alar da ba mu yi mata adalci ba har yau, cewa wadda ta raya mataccen fili da wuyanta sau da yawa ba ta cikin masu shi.

Abin da ya juya al'amarin bai ci kuɗi kamar waɗannan ba. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashe a ƙasar Maraɗi yana kallon mafi yawan abin da ya dasa yana mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki itatuwa ne masu rai a kan tsofaffin kututtura. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani, ba ta da wuya: a zaɓi toho biyu ko uku ko biyar mafi ƙarfi a kan kututture, a cire sauran, a share musu ƙananan rassa da wuƙa mai kaifi, a kare su daga dabba da wuta. A shekarar yunwa mutane da yawa sun yi ta saboda abincin da ake rabawa, da abincin ya ƙare kuma da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe nasu su ne waɗanda suka sami tabbaci daga hukumar wurin cewa ba za a ci su tara a kan iccen da suka raya da hannunsu ba. Da maƙwabta suka ga suna sayar da icce a kasuwa ba a kama su ba, babu wanda ya sake bukatar wa'azi. Taron ƙasa kan gurgusowar hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 ya taimaka, haka kuma raunin da ya sami baitulmalin gwamnati daga baya, wanda ya rage zirga-zirgar ma'aikata a ƙauyuka. Wannan abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce. A ƙasar Illela da Badagishiri aka haɗa da tassa, watau ramukan shuka da ake zuba wa taki, bayan wasu manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yinta, irin itatuwan da ke cikin takin da ake zubawa a ramukan kuwa ya riƙa tsirowa da kansa. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sai suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram, da wani rabo a tamu. Doka ta biyo baya a hankali: ƙa'idojin dokar karkara a 1993, sabuwar dokar dazuzzuka a 2004, sa'an nan ƙudurin 30 ga Yuli 2020 wanda ya tsara sassaben zamani ya kuma tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da iccen da ya raya.

Sai dai kada mu mai da wannan hujja ta zama cewa kowane icce sai ya sami mutum ɗaya mai shi, domin arewacin Adar ba Maraɗi ba ne. Nan ne iyakar noma da dokar 1961 ta shata take ratsawa, bayanta kuwa ƙasar kiwo ce, inda bagaruwa da aduwa da ƙaya iri-iri suke abincin raƙumi da akuya na Buzu da Bafillace da Balarabe, kuma dokar kiwo ta 2010 ta hana wani ya killace ta ya ce tasa ce. Mu tuna da iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, babu wani icce kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa, wanda da aka haƙa rijiya a gefensa a ƙarshen shekarun 1930 aka iske saiwarsa ta sauka fiye da mita 30 har ta kai ruwa. Ba shi da takarda, ba shi da magaji, amma madugai da ƴan ayari, waɗanda suka fi kowa bukatar icce na dafa shayi, sun haramta wa kansu karya masa reshe, haramcin kuma ya riƙe shi zamani mai tsawo. Mota ce ta buge shi a 1973, direban ba ya cikin waɗanda alkawarin ya ɗaure. A watan Nuwamba na shekarar aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Jama'a tana iya riƙe icce kamar yadda gida ɗaya ke riƙewa, muddin an san su wane ne jama'ar, an kuma san wanda zai tsawata. Abin da ke kashe itatuwan arewa yau shi ne mai babbar mota da ke loda icce zuwa kasuwar Tawa, wanda takardarsa daga ofis take, bai kuwa nemi izinin ko mutum ɗaya daga masu rijiyar wurin ba.

A tsakanin iyakokin nan biyu, a ƙasar Kalfu da Barmu da Takanamat inda gona da makiyaya suke cuɗanya, husumar da ta rage ta reshe ce. Bayan an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, makiyayi yana ganin ganyen gawo halal ne gare shi kamar karan da ke ƙasa, kamar yadda kakansa ya saba; manomin da ya yi shekara bakwai yana renon wannan gawo daga toho kuwa yana ganin an shiga rumbunsa. Kowannensu yana da hujja daga urfi, ƙudurin 2020 kuma bai isa ya raba su ba sai sarakuna da masu gari da ardo-ardo sun zauna sun faɗi abin da za a iya sassaɓa da abin da ba za a taɓa ba. Haka mai aron gona, wanda har yanzu yake tsoron barin toho don kada a ce yana neman cin fili, da matar da mijinta ya shekara biyar a bakin teku, ita ke sassabe ita ke kora awaki, amma in ya rasu ƴan'uwansa za su raba gonar ba a ambaci itatuwan ba.

Kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta kafa, waɗanda ake kira kofo, suna nan a gundumomi da garuruwa da yawa, suna rubuta takardun gado da saye da aro da jingina. Shawarata ga maigari da liman da duk wanda ake kira shaida ita ce, kada a rufe irin wannan takarda sai an shiga gonar an ƙidaya itatuwan da ke cikinta, manya da masu tasowa, an rubuta gawo nawa, aduwa nawa, magarya nawa. An rubuta wa ya raya su, wa ke da ƴaƴansu, wa ke da ikon sare reshe, da rabon da mai aro zai fita da shi ranar da aka karɓe gonar. Malamanmu kuma suna da babin musaƙa da na mugarasa a cikin littattafan da suke karantarwa kowace safiya, sai su ciro wa masu rubuta takardun lafazin da ya dace da kowace yarjejeniya.